Filin Tambayoyin Masu Karatu: Gyaran Ƙasa Kafin a Kafa Harsashin Gini

Da zarar damina ta ɗauke aka yi girbi, kuɗin auduga da gyaɗa suka fara shiga hannu, sai wasiƙun da ke zuwa wannan fili su karkata ga maganar gini. A wannan karo mafi yawansu a kan abu guda suke, wato yadda ake share fili, a daidaita shi, a daɓe shi kafin a haƙa ramin harsashi. Wannan ne sashen aikin da mai gida ya fi ƙyashin kashe wa kuɗi, domin ba a ganinsa bayan an gama, alhali shi ne kaɗai sashen da ba a iya komawa a gyara idan rufi ya riga ya hau. Na zaɓi wasiƙu shida daga Arewacin Kamaru da Cadi, na taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Na sayi fili a bayan garin Marwa, a wurin da a da ake dasa masakuwa. Ƙasar baƙa ce, da rani tana darewa har ƙafar akuya takan faɗa, da damina kuma tana cire wa mutum takalmi. Gidan maƙwabcina bai daɗe ba amma bangonsa duk ya tsage. Maginina ya ce mu ƙara siminti da rodi, shi ke nan. Shin hakan ya wadatar? Daga wani ɗan kasuwa, Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sanya albarka a filin. Ƙarin siminti da rodi kaɗai ba zai wadatar ba, domin ciwon a ƙarƙashin bangon yake. Ƙasar da ka kwatanta ita ce baƙar lakar da mutanen Diyamare, yankin da Marwa take ciki, ke kira karal, wadda ta shimfiɗu a wurare da yawa daga kewayen Marwa da Kaele har zuwa fadamun kogin Logon. Halinta shi ne idan ta sha ruwa sai ta kumbura, idan ta bushe sai ta tsuke ta dare, kuma abin da ya sa manomin masakuwa ke sonta, wato yadda take riƙe ruwan damina har cikin hunturu, shi ne ya sa magini ke tsoronta. Marwa tana samun ruwan sama kimanin milimita 800 a shekara, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, sannan a shafe watanni masu yawa babu ko ɗigo. Ke nan kowace shekara ƙasar nan za ta hau ta sauka, gidanka kuwa yana bisa kanta.

Da a ce ko'ina a ƙarƙashin gidan daidai yake motsawa, da da sauƙi. Abin da ke faruwa shi ne gefen gini, inda rana ke duka kuma ruwan indararo ke zuba, yana jiƙewa yana bushewa da sauri, tsakiya kuwa wadda rufi da daɓe suka kare tana tara laima a hankali ba ta sakinta. Wannan saɓani tsakanin gefe da tsakiya shi ke karya bango. Idan ka duba gidan maƙwabcinka, mai yiwuwa ka ga tsagar ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta karkace, tana buɗewa da bazara tana matsewa da damina, ƙofofi kuma suna cijewa a wani lokaci na shekara. Kuma kada a ce ai ƙaramin gida ne ba bene ba, domin a irin wannan ƙasa gini marar nauyi ya fi shan wahala, tun da ba shi da nauyin da zai danne kumburin.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka sa a haƙa ramukan gwaji, aƙalla biyu ko uku a kusurwoyi daban-daban na inda ginin zai zauna, zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a ƙarshen rani lokacin da tsagar ƙasa ta kai matuƙa. Ka tsaya da kanka ka duba abu biyu: inda tsagar ta ƙare, da kuma ko baƙar lakar ta ƙare an tarar da yashi ko tsakuwa ko ƙasa mai wani launi. Idan kaurin lakar bai wuce mita ɗaya ba, magani mafi sauƙi shi ne a kwashe ta gaba ɗaya daga ƙarƙashin ginin, har a zarce layin bango da mita ɗaya ta kowane gefe, a kafa harsashi a kan ƙasar kirki da ke ƙasa, a cike sauran da burji ko ƙasa mai yashi. Idan kuwa lakar ta yi zurfi, to dole ƙafafun ginshiƙai su sauka ƙasa da inda tsagar ta tsaya, inda laimar ƙasa ba ta cika sauyawa tsakanin rani da damina ba, a ɗaure su da ɗamarar kankare mai rodi a ƙasa, a sake ɗaure bangon da wata a sama, yadda ginin zai zama jiki guda. Wata hanyar ita ce a zuba faffaɗan kankare mai rodi da haƙarƙari a ƙarƙashin gidan duka. A nan ne rodin da maginin ya ambata yake da amfani, amma injiniya ne zai faɗi yawansa da inda za a sa shi, ba a yin sa da ka. A manyan ayyuka kamar hanya akan gauraya lakar da farar ƙasar da aka ƙona, kashi kaɗan cikin ɗari, don a rage mata kumburi, sai dai garwayawar tana buƙatar inji da gwaji, ba na ba mai gida ɗaya shawarar ya gwada da shebur.

Ko da wace hanya aka bi, sai an raba harsashi da ruwa. A zagaye gidan da daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai gangara zuwa waje. Famfo, wurin alwala, wurin wanke-wanke, masai da ramin ruwan wanka, duk a nisanta su daga bango, domin bututu ɗaya mai yoyo ya isa ya ɗaga kusurwar ɗaki. Na san babu mai son gida babu inuwa a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, amma dalbejiya tana zuƙe ruwan ƙasa da rani har lakar da ke kusa da ita ta tsuke fiye da sauran. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce tazarar itace da bango kada ta gaza tsawon da itacen zai kai idan ya girma. Idan fili bai ba da wannan dama ba, a dasa a bakin titi ko a can ƙuryar tsakar gida. Sannan ramin harsashi a ƙasar karal ba a barinsa a buɗe kwanaki rana na gasa shi. Ranar da aka kai zurfin da ake so, ranar ko washegari a shimfiɗa masa kankare.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni mace ce, ina da fili a Waliya a birnin Njamena, kuma ruwa ya shiga unguwar a ambaliyar da ta gabata. Ina son in ɗaga wurin kafin in yi gini. Masu aiki sun ce in sayo ƙasa tifa-tifa su baza ta gaba ɗaya, su kwarara mata ruwa, ko in bari damina ɗaya ta wuce a kanta za ta kwanta da kanta. Wace shawara za ka ba ni? Daga wata mai sana'ar ɗinki, Njamena.

AMSA: Ina amsawa, Hajiya. Kafin maganar ciko, sai a fara da maganar tsawo. Waliya tana tsakanin Shari da Logon ne, kuma waɗannan koguna ba sa kai matuƙar cikarsu sai a watan Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwan sama ya ɗauke a Njamena, domin ruwan daga can kudu yake gangarowa. A 2022 da 2024 kogin Shari ya haura mita 8 a ma'aunin birnin, kuma mutanen Kusiri da ke tsallake sun ga abin da kuka gani. Don haka ki nemi tabon da ruwa ya bari a katangun maƙwabta da jikin itatuwa, ki tambayi waɗanda suka daɗe a unguwar, ki ɗauki mafi tsawo daga ciki, daɓen ɗakinki ya ɗara shi da santimita 30 zuwa 50. Idan lissafin ya nuna sai an ɗaga wurin sama da tsayin ƙugun mutum, to a zauna a sake tunani, domin akwai filin da kuɗin cikonsa ya fi kuɗin sayen wani a kan tudu.

Shawarar masu aikin nan kuwa kada ki karɓa. Ƙasar da aka juye daga tifa cike take da iska a tsakanin ƙwayoyinta, kuma manufar daɓe ita ce a fitar da wannan iska tun yanzu, kafin nauyin gida da ruwan shekaru su fitar da ita a hankali daɓen ɗaki ya lotsa. Ƙarfin madaɓi ba ya ratsa ƙasa da nisa. Idan aka zuba mita guda aka buga samansa, taƙi ɗaya na sama ne zai yi tauri, sauran yana nan sako-sako yana jiran ranarsa. Kwarara ruwa yana ɗan taimakawa ne idan yashi ne tsantsa marar laka kuma ruwan yana da inda zai tsiyaye, amma ƙasa mai laka caɓi kawai za ta zama, ta bushe a sama ta yaudari ido. Damina ɗaya ma haka, sama za ta kwantar.

Ga yadda ake yi. A fara kankare ƙasar sama, mai ciyawa da saiwa da taki, santimita 20 zuwa 30 ko har sai launinta ya sauya, a tara ta gefe don shuka, domin duk abin da ke ruɓewa zai bar gurbi a ƙarƙashin gida. A daɓe ƙasar asali da aka tarar. Sannan a riƙa zuba ciko hawa-hawa: santimita 10 idan da madaɓin hannu za a yi, santimita 15 zuwa 20 idan akwai ƙaramin injin daɓe. Kowane hawa a yayyafa masa ruwa, a juya shi da shebur ruwan ya ratsa, a bi kansa sau huɗu zuwa shida, kowane bi yana hawa kan gefen na baya, har sai inji ya daina barin sawu, kafin a zuba na gaba. Inji mai faranti mai girgiza ya fi dacewa da yashi da burji, mai tsalle kuma ya fi dacewa da ƙasa mai ɗan laka da kuma cikin rami. Bakin bango da kusurwoyi, inda inji ba ya shiga, su ne lebura ke tsallakewa, kuma daga nan daɓe ke fara tsagewa, sai ki sa ido a kansu.

Yawan ruwan shi ne sirrin aikin. Tun a 1933 wani injiniya mai suna Ralph Proctor, wanda ke aikin madatsun ruwa a birnin Los Anjeles na Amurka, ya nuna cewa kowace irin ƙasa tana da adadin laimar da ta fi daɓuwa a kai: idan ta bushe da yawa ƙwayoyin ba sa zamewa su shige juna, idan ta jiƙe da yawa ruwa ya cike gurbin ya hana su matsewa. Har yau da sunansa ake kiran gwajin da ake yi a ɗakin bincike, kuma a takardun kwangila akan nemi ciko ya kai kashi 95 cikin ɗari na matsewar da gwajin ya nuna. Wanda ba shi da ɗakin bincike yana da tafin hannu. A damƙi ƙasar a matse: idan ta wargaje da an buɗe hannu, ruwa bai isa ba, idan ta maƙale a yatsu ko ta bar danshi mai sheƙi, ya yi yawa, idan ta dunƙule, aka sake ta daga tsayin ƙirji ta fashe gida huɗu ko biyar, to an dace. Matan da suka san daɓen gargajiya da tsakuwa da ruwan makuba ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin su ma yayyafi suke yi suna bugu, ba sa malala ruwa. Da rani a Njamena iska da rana suna shanye laimar cikin ɗan lokaci, don haka gara a jiƙa ƙasar da yamma a daɓe da sassafe.

Game da abin cikon, birnin ba shi da dutse a kusa, shi ya sa ake ɗauko tsakuwa daga nesa, daga wajen Dandi kusa da Tafkin Cadi, kuma tsadarta ke sa mutane karɓar duk abin da direban tifa ya kawo. Ki nemi ƙasa mai yashi da ɗan abin da zai riƙe ta, ki ƙi baƙar laka da ƙasar juji da ɓaraguzan gini masu manyan guntaye. Ki zuba kaɗan a kwalba da ruwa ki girgiza ki ajiye, yashi zai kwanta nan take, laka kuwa sai ta daɗe tana yawo, daga nan za ki ga wanda ya rinjaya. Wajen lissafi, gini mai mita 12 a tsawo da 10 a faɗi, idan za a ɗaga shi santimita 60, yana cin mita 72 na ma'aunin kubik bayan an daɓe, amma da yake ƙasa tana raguwa idan ta matsu sai ki ƙara kusan rubu'i, ki yi shirin 90. Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi muhimmanci: wannan ciko daɓen ɗaki zai ɗauka. Harsashin bango da ginshiƙai dole su ratsa shi su sauka cikin ƙasar asali, sai fa idan injiniya ne ya kula da cikon ya gwada shi hawa-hawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni almajirin magini ne a Garwa. Maigidana yana daidaita fili da ido da igiya, wani lokaci sai an fara jera bulo a ga wani gefe ya fi wani. Ba mu da na'urar awo. Akwai dabara? Daga wani matashi, Garwa.

AMSA: Akwai, ƙanena, kuma ba ta da tsada. Ka sayi siririn tiyo mai garai-garai wanda ake ganin cikinsa, tsawon mita 15 zuwa 20, ka cika shi da ruwa ka bar kamar taƙi ɗaya a kowane baki. Ruwa a baki biyu na tiyo ɗaya kullum daidai yake tsayawa, komai nisan da ke tsakaninsu. Ka kafa turke mai ƙarfi a wurin da aiki ba zai taɓa shi ba, ka yi masa alama a tsayin mita ɗaya daidai bisa inda ake son daɓen ɗaki ya tsaya. Mutum ɗaya ya riƙe baki guda a kan alamar, ɗaya ya zagaya da ɗaya bakin yana sa alama a sauran turaku. Daga kowace alama sai a auna zuwa ƙasa da ma'auni, nan za a san inda za a sare da inda za a cike. Abin da ke ɓata wannan awo uku ne: kumfar iska a cikin tiyo, lanƙwashewa ko taka shi, da barin rabinsa a rana rabi a inuwa, domin ruwan da ya yi zafi yakan ɗan fi na sanyi tashi. Kafin a fara, ku haɗa bakunan biyu wuri ɗaya ku tabbatar ruwan ya yi daidai. Kuma kowane awo a ɗauko shi daga turken farko, kada a riƙa ɗauka daga na biyu zuwa na uku, domin ƙaramin kuskure yana taruwa.

Tsayin daɓen ma ba a zaɓarsa da ka. A duba tsakiyar titin da ke gaban gida a ɗara shi da santimita 30 zuwa 45, domin titi yana ƙara tsawo duk lokacin da aka zuba masa burji, gida kuwa yana nan inda yake, kuma a tsofaffin unguwanni za ka ga zaurukan da yanzu sai an gangara ake shigarsu. Tsakar gida kuma ba a yin ta shamal. A ba ta gangara daga bango zuwa waje, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko, ruwa ya nufi kwata. Wajen fitar da kusurwa, a auna mita 3 a igiya ɗaya da mita 4 a ɗayar, idan tsakanin alamun biyu ya ba da mita 5 to kusurwa ta miƙe, sannan a gwada igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu a ga sun zo ɗaya. Ka nuna wa maigidanka wannan cikin ladabi, a matsayin abin da ka gani kana son ya duba maka.

TAMBAYA: Injiniya, filina a Ngaundare yana kan gangare, jar ƙasa ce mai tauri. Ina tunanin in sare sama in cike ƙasa da abin da na sare, wuri ya daidaita. Ko akwai matsala? Daga wani malamin makaranta, Ngaundare.

AMSA: Malam, ka yi sa'ar ƙasa, domin jar ƙasar tudun Adamawa ba ta kumburi irin na karal, kuma burjinta yana daga cikin mafi kyawun abin ciko. Matsalar tana cikin tsarin da ka kawo. Idan rabin gida ya zauna a kan ƙasar da aka sare, wadda ta shekara dubbai a matse, rabi kuma a kan sabon ciko, to ɗaya zai tsaya ɗaya ya sauka, bango ya tsage daidai kan iyakarsu. Ko dai ginin duka ya zauna a kan wurin da aka sare, cikon ya zama tsakar gida, ko kuma harsashin gefen gangare ya ratsa cikon ya taka ƙasar asali. Ramin harsashi a gangare ba a karkata shi ya bi tudu. Ana yin sa matakala-matakala, kowane mataki a kwance daidai, tsayinsa ya yi daidai da jerin bulo ɗaya ko biyu don kada a yi ta yanka bulo, kankaren mataki na sama kuma ya hau kan na ƙasa da aƙalla santimita 30. Kafin a zuba ciko a kan gangaren ma sai an sassare shi matakala, in ba haka ba sabuwar ƙasa za ta zame a kan tsohuwa idan ruwa ya shiga tsakaninsu.

Ngaundare tana samun ruwan sama kusan ninki biyu na Marwa, kuma damina ta fi tsawo, don haka ruwan da ke gangarowa daga sama shi ne babban abokin gabarka. Ka haƙa lambatu a saman filin ya tare ruwan ya zagaya da shi, idan kuma ka gina katangar tare ƙasa, ka bar mata ƙananan kafofi a ƙasa ka zuba tsakuwa a bayanta, domin katangar da ruwa ya taru a bayanta ba ta daɗewa a tsaye. Sai dai ka kula kada lambatunka ya juye ruwa a gidan na ƙasa da kai, haƙƙin maƙwabtaka yana nan, kuma rigimar ruwa ba ta ƙarewa da wuri.

TAMBAYA: Baba Injiniya, mun gaji fili a Gidar. Tsofaffi sun ce a da akwai kududdufi a gefe ɗaya da aka cike da shara, akwai kuma babban suri a tsakiya. Za mu iya gini a kai? Daga wasu 'yan'uwa magada, Gidar.

AMSA: 'Ya'yana, Allah ya jiƙan mahaifinku, kuma kun kyauta da kuka saurari tsofaffi, domin abin da suka tuna ya fi abin da ido zai gani a saman fili. Kududdufin da aka cike da shara ba ya daɓuwa komai bugu, saboda tsumma da kara da toka da leda suna ci gaba da ruɓewa ko lotsawa shekara da shekaru. Ku haƙa ku gano iyakarsa da zurfinsa. Idan bai yi zurfi ba, a kwashe sharar duka har a tarar da ƙasar asali, a cike da ƙasa mai kyau hawa-hawa kamar yadda na bayyana wa mai tambaya daga Njamena. Idan ya yi zurfi, ku juya tsarin gidan, wurin ya zama tsakar gida ko turken dabbobi ko lambu. Haka hukuncin tsohuwar rijiya da tsohon masai yake, kuma idan ba makawa sai bango ya bi ta kansu, a tsallake su da ɗamarar kankare mai rodi wadda ta zauna a kan ƙasa mai ƙarfi ta gefe biyu.

Suri kuwa abin da ke sama kaɗan ne, ramukansa suna ƙasa. A rushe shi, a bi ramukan har a fitar da uwar garar, a kwashe duk ƙasar da ta zama kafofi, a cike a daɓe. A tumɓuke kututture da saiwa duka, kada kuma a binne guntayen katako a cikin ciko bayan an gama zuba kankare, domin abincin gara ne aka ajiye mata a ƙarƙashin ɗaki. Maganin gara a saye shi wurin masu izinin sayarwa a bi umarnin da ke jikinsa. Baƙin man inji da wasu ke zubawa yana iya gurɓata ruwan rijiya, ku bar shi.

TAMBAYA: Shin dole ne a kira masu gwajin ƙasa, ko na masu bene ne kawai? Kuma idan aka haƙa rami ya zarce zurfin da ake so, a mayar da ƙasa? Daga wani direba, Figil.

AMSA: Malam, ga ɗaki biyu ko uku a kan ƙasar da maƙwabta suka daɗe da gini a kanta babu tsaga, ramin gwaji da idon gogaggen magini sukan wadatar. Amma idan bene ne, ko masallaci mai faɗi, ko tankin ruwa a sama, ko ƙasar karal ce, ko bakin mayo, wato kogi, ko tsohon ciko, to a kira masu gwaji. A Kamaru akwai hukumar gwaje-gwajen gine-gine ta ƙasa, Labogénie, da wasu ɗakunan bincike masu zaman kansu da aka ba izini, kuma suna da na'urar da ake kafawa a ƙasa ana bugawa a san ƙarfin kowane zurfi. Ka kuma sani cewa dokar tsara birane ta Kamaru ta 21 ga Afrilu 2004 ta hana gini a filin da ke fuskantar ambaliya ko zaizaya ko zaftarewa sai da sharuɗɗa na musamman, don haka a leƙa ofishin magajin gari a nemi izinin gini kafin a sauke yashi.

Ramin da ya zarce ba a mayar masa da ƙasa sako-sako. A cike ƙarin da kankare mai ƙarancin siminti, kamar buhu uku na kilo 50 a mita ɗaya na kubik, irin wanda dama ake shimfiɗawa santimita 5 a gindin rami kafin a ɗora rodi don kada ƙarfe ya taɓa ƙasa. Idan ruwan sama ya shiga rami, a kwashe ruwan a kankare taɓon har a tarar da ƙasa mai tauri kafin a zuba komai. Ramin da ya kai zurfin ƙirjin mutum a ƙasa mai yashi kuma a tokare gefensa da katako ko a faɗaɗa bakinsa, a nisanta tulin ƙasar da aka haƙo daga gaɓa da aƙalla rabin mita, kada a bar lebura ya shiga shi kaɗai babu kowa a sama.